Tabar bos da tabar fadamar Mafara

Mai karatu, in dai ka taɓa zama kan benci a gidan kallo, ko ka yi hayar kaset ka kai gida, to ka san yadda ake gane bos tun bai buɗe baki ba. Kyamara za ta fara daga takalminsa, ta hau kan kujerar nan mai juyawa, sannan ta tsaya cak a kan wata gandamemiyar taba mai launin ƙasa, wadda kaurinta ya kai babban yatsa. Ya zuƙa, ya fesar, yaransa suna tsaye hannu a baya. Shi ke nan, darakta ya gama gaya maka cewa mutumin nan yana da kuɗi, kuma ba ya da imani.

Haka Al Pacino ya riƙe ta a Scarface na 1983. Haka Clint Eastwood ya dinga tauna 'yar siririyarta a finafinan kaboyin da Sergio Leone ya yi daga 1964 zuwa 1966, alhali shi ba mashayin taba ba ne, dole ce ta aiki. A Indiya kuwa marigayi Pran ya yi suna wajen fesa hayaƙi ya fito kamar zobe. Mu ma namu daraktocin sun kwaikwaya, domin sau nawa ka ga an ba alhajin fim ko shugaban 'yan daba abin hayaƙi don kawai a nuna ya isa?

Waccan gandamemiyar ita ce uwa. Kalmar sigari da muke faɗa daga Turanci ta zo mana, su kuma sun aro daga Faransanci, ma'anarta 'yar ƙaramar waccan. Mutanen Kyuba, waɗanda tasu ta fi ta kowa suna, habano suke ce mata, daga sunan babban birninsu. Ni a nan tabar Habana zan riƙa ce mata. Ka yi haƙuri ka biyo ni, domin labarinta zai bi da mu ta Timbuktu da Katsina, ya sauke mu a bakin Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talatar Mafara da Bakura.

A watan Nuwamba na 1492 ne Kolumbus ya aiki mutum biyu, Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, su shiga cikin tsibirin Kyuba su gano masa abin da ke ciki. Suka dawo da labarin mutanen da ke naɗe busasshen ganye, su cinna wa gefe ɗaya wuta, su zuƙi ɗaya gefen. Abin da suka gani ke nan, kuma har yau ainihin tabar Habana bai wuce haka ba: ganye ne tsantsa, babu takarda, babu auduga a gindi. Abin da aka ƙara a cikin shekara 500 shi ne jira.

Dubi yadda abin yake a Vuelta Abajo, yankin da ke yammacin Kyuba wanda ganyensa ya fi daraja. Ba a girbe shukar gaba ɗaya. Ganye-ganye ake tsinka, daga ƙasa a yi sama, a bar kwanaki tsakanin tsinka da tsinka. Na ƙasa ba ya da ƙarfi amma shi ke cin wuta da kyau, na tsakiya shi ne mai ƙamshi, na can sama da ya sha rana shi ne mai kauri da yaji. Wanda za a yi rigar waje da shi kuma a ƙarƙashin rumfar yadi ake nomansa, don kada rana ta sa shi kaushi. Sai a ɗinke ganyen bibbiyu a rataye a rumbun katako wajen kwana 50, har kore ya koma ruwan ƙasa. Daga nan a jibge shi tuli-tuli, ya ɗauki zafi da kansa, ana juya shi. Wanda ya san yadda mata ke rufe kalwa ta kwana ta rikiɗe ta zama daddawa ya fahimci abin da ke faruwa a cikin tulin nan. Ɗacin ɗanyen ganye da warinsa mai hawa kai suna fita, wani ƙamshi dabam yana shiga. Bayan an yi haka sau biyu, sai a ɗaure shi dami-dami a ajiye. Ganyen ƙasa yakan yi kamar shekara, na sama shekara biyu ko fiye. Kamfanin Cohiba ma har karo na uku yake yi wa wasu ganyayen, a cikin ganga.

Sai an gama wannan duka ganyen ke isa hannun mai naɗi, wanda kayan aikinsa allo ne da wata wuƙa mai faɗi da ɗan ƙaro. Kuma ko an naɗe ba a gama ba. Wadda aka rubuta wa Reserva, ganyenta ya yi aƙalla shekara 3 a ajiye, Gran Reserva kuwa shekara 5. Masu abin suna zuba ta a akwatin katako mai riƙe laima, su manta da ita shekara da shekaru. In ka ji suna kwatanta ɗanɗanonta sai ka ɗauka marubutan soyayya ne: wannan ta yi ƙamshin itace, waccan ta gahawa, wata ta jimammiyar fata, wata ta ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake juya shi, kuma guda ɗaya takan ci awa ɗaya ko fiye. Ka ga ashe bos ɗinmu na fim, da ke zuƙa kamar ana korarsa ya jefar ya take da takalmi, bai san abin da aka ba shi ba.

Amma abin da ya fi jan hankalina a tarihin tabar nan, kuma na san zai ja naka in kai makarancin littattafai ne, shi ne mai karatun masana'anta. A 1865, a wata masana'anta mai suna El Fígaro a Habana, aka fara ɗora mutum a kan wani ɗan dandamali yana karanta wa masu naɗi jarida da littafi suna aiki. Yawancinsu ba su iya karatu ba. Su ke haɗa kuɗi daga ladansu su biya shi, su ne kuma ke zaɓen littafin da za a karanta. Da safe labaran duniya, da rana ƙagaggen labari, babi bayan babi. In wuri ya yi daɗi ba tafi suke yi ba, hannu na kan aiki, sai su dinga buga wuƙaƙensu a kan allo. Ka kwatanta da yadda matan aure ke kasa kunne a rediyo lokacin da ake karanta littafin Hausa, ana tankaɗe ana sauraro, in an tsaya a wuri mai daɗi a yi tsaki. To haka, sai dai su ɗaruruwa ne a zaure guda.

Daga nan wasu sunayen suka fito. Romeo y Julieta, wadda aka kafa a 1875, sunan wasan Shakespeare ne. Montecristo ta 1935 kuwa daga littafin Alexandre Dumas ne, labarin mutumin da aka ɗaure bisa zalunci ya fito ya ɗau fansa, wanda masu naɗi suka fi ƙauna. Hukuma ba ta so abin ba. Tun a 1866 Turawan Sifen da ke mulkin tsibirin suka hana karatun, don sun lura lebura mai jin jarida ba ya da daɗin juyawa. An dawo da shi daga baya, ya kuma bi ma'aikata zuwa Tampa a Amurka, inda José Martí, jagoran neman 'yancin Kyuba, ya je ya yi musu jawabi a 1891 suka tara masa kuɗi. A 1931 masu masana'antun Tampa suka kori masu karatun. Wani marubuci, Nilo Cruz, ya gina wasan kwaikwayo a kan wannan zamani, Anna in the Tropics, ya ci kyautar Pulitzer a 2003.

Kafin wani ya rubuto wa edita cewa na zama ɗan tallan taba, bari in faɗi abin da ke akwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Babbar tabar Habana guda ɗaya tana iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari sukutum, kuma rashin haɗiye hayaƙin bai hana ta jawo sankarar baki da maƙogwaro ba. Shekarun da ta yi a ajiye ba su cire mata dafi ba. Fidel Castro kansa, wanda saboda shi aka ƙirƙiro Cohiba a 1966, ya daina sha a 1985. Tarihi nake ba ka, ba ashana ba.

To yaya aka yi ganyen ya iso mu? Cikin shekara ɗari da 'yan kai bayan Kolumbus, jiragen Turawa sun kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, fatake suka shigo da shi ciki. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 ana shan sa a Timbuktu, har ya haura Sahara zuwa Maroko. Sunan ma bai canza sosai a hanya ba, tabako ya zama taba. Nan da nan malamai suka rabu. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, wanda aka kai Maroko a kame, ya rubuta fatawa a 1607 yana ganin halal ce. Wasu suka ce bidi'a ce mai wari da ɓarnar dukiya. Bayan shekara 200 daular Hamdallahi ta Shehu Ahmadu a Masina ta haramta ta ƙarara, kuma har gobe ɗariƙar Tijjaniyya ba ta yarda muridi ya sha ba. Wannan gardama ta girmi duk wani gargaɗin ma'aikatar lafiya da ke jikin kwali.

Ga wurin da nake so ka riƙe. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya tsaya a Katsina a farkon 1853 yana sayen guzuri da tsarabar tafiya Timbuktu. Cikin abin da ya saya har da tabar Katsina, domin ya samu labarin tana da daraja har a can. Ya ratsa ta ƙasar Zamfara, ta Zurmi, ya nufi Wurno. Ka ji fa, mai karatu. A zamanin da ake kafa manyan sunayen Habana, akwai tabar ƙasar Hausa da ake kira da sunan garinta, ana ɗaukarta tafiyar watanni saboda sunan nan.

Sai dai mu ba ta hanyar naɗi muka bi ba, kuma akwai dalili. Tabar Habana tana son laimar iska ta kai kashi 70 cikin 100. Kawo ta Gusau a watan Janairu, cikin hunturu, ka ajiye a kan tebur, ba za a daɗe ba rigarta za ta tsage kamar busasshen ganyen kuka. Ƙasarmu ta shanya ce. Don haka kakanninmu suka shanya ganyen, suka daka, suka haɗa da kanwa, ya zama taba gari, a zuba a batta, a ɗiba a sa a leɓe ko a shaƙa. Wasu tsofaffi suka cusa a lofe. Mata kuma suka ɗauki abin da manomin Kyuba ke yankewa ya yar. Shi yana fille kan shukar kafin ta yi huda don ƙarfin ya koma ganye, su kuwa furen suke so, su goga a haƙori tare da goro ya yi ja. A da, wannan ado ne na kece raini. Yarinyar yau in ta ga hoton kakarta da jan haƙori sai ta yi dariya, alhali ita ma wani abin take shafawa wanda jikokinta za su yi wa dariya.

Sannan kamfani ya zo. British American Tobacco ya fara da shigo da sigari daga waje, ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937. A 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company, wato NTC, wanda ya buɗe ta Fatakwal a 1956, ta Zariya a 1959. Injin Zariya yana buƙatar ganye, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka samo shi ita ce fadamar Gulbin Sakkwato a kewayen Talatar Mafara. Wanda ya san wurin ba zai yi mamaki ba. A wancan lokacin, kowace damina gulbi yakan cika ya malala, ya bar laka mai taushi da laima, daga wajen Maradun har ya gangara Bakura. In ruwa ya janye sai a dasa amfanin rani. Ganyen da aka tsinka a shanya shi a inuwa, iska ta busar, ba a buƙatar rumbun wuta irin na ƙasar Oyo. Daga nan a ɗaure, a kai Gusau, inda jirgin ƙasa ya iso tun ƙarshen shekarun 1920, a wuce da shi Zariya. Har littattafan bayanin ƙasa na Turawa, in suna lissafin abin da Gusau ke fitarwa, bayan auduga da gyaɗa sukan ambaci tabar Talatar Mafara.

Tsarin kamfani a ko'ina iri ɗaya ne. Shi ke ba da iri, shi ke ba da taki bashi, malaminsa ke zuwa ya duba gona, ranar ciniki kuma shi ke ware ganye daraja-daraja ya yanka farashi, ya cire bashinsa. Mai saye ɗaya ne, in ka ƙi nasa ina za ka kai? Bahaushe ya ce taba ta bambanta da garin gero, kuma ba wanda ya san gaskiyar wannan kamar manomin da ya cika rumfa da ganyen da ba ya tuƙuwa. In ganyen ya isa Zariya sai a yayyanka, a cakuɗa da na wasu wurare, inji ya naɗe a takarda, ya dawo kasuwar Talata a cikin kwalin Three Rings, ana sayar wa wanda ya noma shi kara-kara. Babu sunan Mafara a jikin kwalin, babu na Bakura.

Yanzu ka ajiye wannan kusa da labarin Alejandro Robaina. Shi ma manomi ne, a Vuelta Abajo, a gonar da danginsa ke nomawa tun 1845. A 1997 gwamnatin Kyuba ta fitar da taba da sunansa, Vegas Robaina. Kafin ya rasu a 2010, yana da shekara 91, baƙi daga ƙasashen duniya suna zuwa gonarsa don su gaisa da shi. Kada ka ce ai don ƙasar Afirka ba ta iya fitar da ganyen kirki ba ne. Maƙwabciyarmu Kamaru da kuma Afirka ta Tsakiya suna noma ganyen rigar waje da manyan kamfanoni irin su Arturo Fuente ke nema ido rufe, kuma da sunan Kamaru ake tallarsa. A ganina, bambancin Robaina da manomin fadamar Mafara abu biyu ne. An bar wa ganyen Robaina lokaci, an kuma bar masa sunansa. Namu kuwa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin haushin shi ne yankin nan ba baƙon adana suna ba ne. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ɗan ƙasar Bakura da ya yi tashe a fadar Sarkin Kayan Maradun, ya rasu tun 1991, amma sarakunan da ya yi wa waƙa har yau yaro ƙarami ya san sunayensu. Mun iya riƙe sunan mai rawani. Na mai fartanya ne ke zube mana.

Ita kanta fadamar ba ta zauna yadda take ba. Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da niyyar noman rani na zamani a dubban kadada. Tafkin ya cinye gonaki da ƙauyuka ta wajen Maradun. A filin aikin an hana mutane shuka ana baje ƙasa, diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi. A ƙarshen Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Adadin matattun da gwamnati ta faɗa bai kai 30 ba, wasu masu bincike kuwa sun kai shi sama da 380. Ta ƙasan madatsar kuma ambaliyar da ke kawo laka ta ragu ƙwarai. Binciken da W. M. Adams ya yi a shekarun 1980 ya nuna manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani na fadama ya ja baya. Duk amfanin da ke jiran laimar da gulbi ke bari, taba na ciki, ya ji a jikinsa. NTC ma ya narke cikin British American Tobacco a 2000, aka gina sabuwar babbar masana'anta a Ibadan a 2003. Daga baya kuma matsalar 'yan bindiga ta zo ta sa zuwa gona kansa ya zama kasada a wurare da dama na Zamfara.

Ba kukan taba nake yi ba. In shinkafa da albasa da tumatir sun maye gurbinta, huhun jama'a ya huta. Abin da nake ji shi ne labarin. A watan Mayu na 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa, ƙarƙashin Dakta Shaibu Husseini, ta sanar da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a finafinan Nijeriya, kamar yadda Indiya ta riga ta tilasta rubuta gargaɗi a kan allo duk lokacin da ɗan wasa ya kunna, abin da ya sa Woody Allen ya ƙi sakin Blue Jasmine a can a 2013. Wasu furodusoshi sun yi ƙorafi, wai an cire wa bos haƙori. Ni kuwa na ce madalla, yanzu sai marubucin fim ya zauna ya rubuta wa mugu mugunta ta gaske, tunda hayaƙi ya daina yi masa aikin.

Kuma hukumar ta bayyana cewa inda tarihi ko ilimantarwa suka buƙaci a nuna taba, ana iya nunawa tare da gargaɗi. Ƙofa ke nan a buɗe. Mai son yin fim ɗin ba sai ya nemi falon alhaji a Nasarawa ba. Zai buƙaci rumfar shanya ganye, da sikelin malamin kamfani, da tsohuwa mai batta a ƙugu da jan haƙori, da motar katako mai zuwa Gusau, da katafilar Impresit tana tahowa daga nesa. Waɗanda suke samari a 1980 yanzu sun haura shekara 60, suna nan a Birnin Tudu da Maradun da Bakura, kuma rikoda ba ta fi wayar da ke aljihunka ba.